Kada A Sa Wa Bututun Bashmuhandis Sabri Zarto

Jawabin Shadi Al-Banhawi, ma'aikacin ɗakin gwaji, a taron arba'in na Injiniya Sabri Al-Gindi, wanda ake kira Bashmuhandis, wato babban injiniya, a zauren ma'aikata da ke Helwan, kusa da Alƙahira.

Da sunan Allah, wanda Ya ba mu aron Sabri, kuma Ya karɓi abinsa ba tare da shawara da kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai girma shugaban hukumar gudanarwar kamfaninmu; babban darakta, Injiniya Midhat Zahran; malamanmu da suka yi mana karatu; uwarmu Hajja Nawal, matar marigayi; 'yarsa Dakta Rabab; Usta Gabir, babban maƙerinmu, da sauran 'yan'uwana ma'aikata masu shuɗin kaya da aka jera a kujerun baya: assalamu alaikum.

Hajja Nawal ce ta ce ni zan yi magana. An ba ta shawarar ta nemi mai furfura, mai sanyin baki. Ta ce, "Wancan mai yawan yi masa gardamar nake so." To, ga ni.

Baƙi da yawa a nan ba su san aikinmu ba. Ko uwata har gobe gaya wa maƙwabta take yi ɗanta yana gyaran akwatin ɗumama abinci, na gaji da musu na bar ta. Abin da muke ƙerawa bututu ne na jan ƙarfe, ana ce masa kilaistiron, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. A ba shi 'yar siririyar igiyar rediyo, ya mayar da ita ƙaƙƙarfa, har ta iya tafiyar da na'urar gashin ciwon daji. Ransa abu ɗaya ne: babu iska a cikinsa. Sai an gasa shi a tanda, an zuƙe iskar ƙarƙaf, an liƙe. Ranar da iska ta shiga, ya mutu, sai dai masu sayen tsohon ƙarfe. Ku riƙe mini wannan, zan dawo kansa.

Marigayi ya kasance mai zanen da bai taɓa yarda da zanensa ba sai wuta ta shaida. Sabon bututu ba a sakar masa wutar lantarki gaba ɗaya. Horar da shi ake yi: a ƙara kaɗan, ya yi tartsatsi a ciki, a sauke, a jira, a sake ƙarawa, mako bayan mako. Ni kuwa jira ba halina ba ne. Wata rana na kai hannu kan maɓallin na ce, "Bashmuhandis, littafi ya ce zai iya ɗauka."

Ya ce, "Wane littafin? Wanda ka tsinto a bakin titi a Azbakiyya, ɓera ya cinye rabinsa?"

Na ce, "Rabin da ɓeran ya rage ya fi duk na ofishinka amfani."

Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Ya ce, "Sauke hannunka, ɗan banza, kai da ko shayi ba ka iya jira ya huce." Washegari na tarar da cikakken littafin a kan bencina, kusa da kwanon wakena. Babin da ɓera ya cinye, babin horo ne.

Ya kasance mai al'ada, kuma mu duka muka gaje ta. A ɗakin gwaji, duk ƙarfin da bututu ya fitar cikin ruwa muke juye shi. Ranar da ya kai cikakken ƙarfinsa, sai mu yi layi, daga mai shara har injiniya, kowa ya dafa famfon da ruwan yake fita ya ji ɗuminsa. Shi ne na ƙarshe a layi, kullum. Daga nan ya aika a sayo kushari, dafa-dukan nan na shinkafa da taliya, ya yi faɗa da mai sayarwa kan ƙarancin albasa, sannan a kafa wa bututun farantin suna. Kafin wannan ranar bututu ba shi da suna. "Baƙo" yake ce masa. Ba a ɗaukarsa hoto, ba a nuna wa kowa shi. Usta Gabir ya taɓa ce masa, "Ya Bashmuhandis, kai ko amarya ba a ɓoye ta haka." Ya ce, "Amarya ba ta fashewa a wa mutane fuska, ya Usta." Usta ya ce, "Ba ka san tawa ba."

Ya kasance mutumin da aka kira ƙasashen waje ya ƙi tafiya. Ya kasance wanda ya hau jirgin ƙasa zuwa Kudu da kansa, da ya ji na'urar gashi ta wani asibiti ta tsaya saboda bututunta ya mutu, sabo daga ƙasar waje kuma an ce a yi ta jira. Ya dawo bai ci abinci ba. Ya ce mana ya ga mata a tashar jirgi, da ledar magani da ƙullin gurasa, suna nufin Alƙahira saboda gashin da bai kai tsawon sallar magariba ba. Wasu suna zuwa sau biyu su daina, jiki ba zai iya ba. Ya ce, "Mu za mu yi musu nasu." Wannan ne zanensa na ƙarshe. Mun haɗa shi, mun gasa, mun liƙe, mun kai rabin horo, ciwo ya kwantar da shi.

Yanzu zan faɗi abin da ya hana ni barci.

Ina tsaye a ɗakin asibiti, Dakta Rabab tana gefen gado, lokacin da marigayi ya kama hannun Injiniya Midhat. Midhat ɗalibinsa ne na farko. A gidansa ya ci, a motarsa aka kai shi ɗaurin aurensa. Ya ce masa, "Midhat, kada ka bar baƙon nan ya tsufa a sito." Midhat ya sumbaci hannunsa ya ce, "Wallahi, malam, ko zan rasa kujerar nan sai ya isa Kudu." Dakta Rabab, idan na ƙara ko harafi ɗaya, ki tsayar da ni.

Ba ta tsayar da ni ba.

To, jama'a, ku dubi abin da ke gefena, lulluɓe da koren ƙyalle, an ɗaure shi da ribon, an kewaye shi da furanni. Baƙon ne. An kulle ɗakin gwaji, an ciro shi daga mazauninsa, an goge shi yana ƙyalli. An gaya wa Hajja cewa ya sha iska, ya riga ya mutu, don haka za a girmama mijinta da shi: a tsaga shi gida biyu, a sa a akwatin gilashi a bakin ƙofa, yaran makaranta su riƙa kallon cikinsa. Har an kafa masa farantin suna. Bututun da babu wanda ya dafa ɗumin ruwansa, an kafa masa sunan Sabri Al-Gindi! A ƙarƙashin ƙyallen nan akwai jan layi daga sama har ƙasa, inda zarto zai bi. An umarci Usta Gabir ya shirya injin yanka ranar Lahadi. Dattijon nan ya zo ya same ni, ya ce, "Shadi, ni na liƙe shi. Yaya za a ce ni zan yanka?"

Kun ga wannan wayar da ta bi ta ƙarƙashin tebur zuwa bango? Ni na jona ta da safe. Tana zuwa ɗan famfon zuƙe iska da ke jikin bututun, shi kuma yana da allura mai nuna ko iska ta shiga. Ga ta nan, a kwance, ko motsi ba ta yi. Bai sha iska ba. Da ransa.

Da jahili ne ya ce ya mutu, da na yi masa uzuri. Injiniya Midhat, kai ka koya mini karanta wannan allurar. Kai ka riƙe yatsana ka ce, "Idan ta kwanta nan, gode wa Allah." Ka fi ni sanin abin da take faɗa. Kuma mu duka mun san dalili, ba asiri ba ne: an yanke shawarar mu daina ƙerawa, mu koma dillalan na waje. Bututun gida da ke aiki a asibiti zai zama tambayar da ba ku da amsarta. Wanda aka tsaga aka sa a gilashi kuwa ba ya tambayar kowa komai. Kun rasa yadda za ku kashe shi a ɓoye, sai kuka kira mu da furanni mu tafa muku.

Ba mu ce lallai zai ci jarrabawa ba. Marigayi da kansa ba zai ce haka ba. Wataƙila ya fashe a mako na gaba. Idan ya fashe, wuta ce ta yanke masa hukunci, sai ku yanka, ni zan riƙe muku. Amma a bar shi ya gama horonsa.

Hajja Nawal, uwarmu. An miƙa miki almakashi a kan faranti don ki yanke ribon ɗin nan. Ke kika san sau nawa abincinsa ya huce saboda wannan ƙarfen. Ba mu da iko a kamfanin nan, mu masu shuɗin kaya. Amma ba za su iya sa sunansa a gilashin nan ba sai da hannunki. Muna roƙonki, kada ki ba su.

Alhamdu lillahi. Ga waɗanda ke baya ba sa gani: Hajja ta mayar da almakashin kan farantin, ta kife shi.

Saura makullin ɗakin gwaji. Yana aljihun Injiniya Midhat. Dakta Rabab ta tashi, ga ta a gabansa, ta miƙa hannu. Ba ma sauri. Marigayi ya koya mana jira, har ni.

To. Ya bayar. Ba zan ce na gode ba, Injiniya, don ba naka ba ne.

Godiyata ga Hajja, ga Dakta Rabab, ga malamai, da duk wanda ya taso daga nesa, har da waɗanda na ɓata wa rai. Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Sabri. Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka yi masa sassauci a ranar bincike kamar yadda ya yi haƙuri da masu gaggawa irina. Ka ba iyalinsa dangana. Ka ba matan da ke jira a tashar jirgi tsawon rai har baƙon nan ya isa gare su. Mu karanta masa Fatiha.

Amin.

Usta Gabir, mu da muka ɗauki makararsa, mu za mu ɗauki wannan. Cire farantin sunan ka ba Hajja ta ajiye, bai kai ba tukuna. Kama ta can. A hankali.