Kason Gidan Zainaba

A bakin Kasuwar Shanu, wani dattijo da buhun nama a gabansa da wani magidanci suna jiran keke.

"Baba, wannan nama haka, biki ake yi?"

"Kason watanda ne. Ni kaɗai ne ma a gidan."

"Kai kaɗai ka shiga watandar saniya? Akwai firji?"

"Akwai. Wutar ce babu."

"To wa zai soya?"

"Ni. Bara rabi ya yi wari, na zubar."

"Zubarwa! Haba Baba! Yara bakwai gare ni, bana ko rabin kaso ban iya shiga ba, kai kana zubar da nama? Ka riƙa sayen na miya mana, ka fita daga watandar nan!"

"Yaro, kar ka yi min tsawa. Matata ce ta saba shiga. In mahauci ya zo rabo, yakan ɗaga murya: 'Kason gidan Zainaba!' Tun da ta rasu, nan kaɗai nake jin an kira sunanta."

Magidancin ya sassauta murya.

"Allah Ya jiƙanta."

"Amin. Bakwai ka ce? Buɗe ledar nan taka, kafin ya sake yin wari a hannuna."