Numfashin Gidan Mai Algaita

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Yahya. Uwar taro, Hajiya Barakatu. Iyayenmu masu unguwanni da dattawan Ƙanƙara. Malamanmu masu daraja. Baƙinmu da suka yi sammako daga Faskari da Sabuwa. Mutanen Pauwa da Mabai da suka bar sussuka a masussuka suka taho. 'Yan'uwana matasa, maza da mata. Ina gaishe ku gaba ɗaya, gaisuwar ƙarami ga manyansa.

Sunana Abdulgafar, daga Daudawa nake. Wannan lanƙwasasshen ƙarfe da ke rataye a wuyana shi ake kira saksofon. An ce in yi jawabi kan yadda na koyi busa shi, sannan in busa. In kun ga ina canja ƙafa, ina goge tafin hannu a jikin riga, ku yi mani uzuri. Ba yawan taron ne ya sa zuciyata dukan uku-uku ba, mutum guda ne a cikinsa.

Ina godiya ga ƙungiyoyin matasan garuruwanmu uku da suka shirya wannan baje kolin fasaha. Ina godiya ga malamina, Malam Mas'ud na Sabuwa, tsohon ɗan badujalar soja, wanda ya ara mani wannan ƙarfe, ya kuma jure wa kunnuwansa abin da na riƙa fitarwa daga cikinsa. Ina godiya ga Hamida da ke zaune gaban fiyano, da Jabiru da ke bayan ganguna. Sai kuma mutum gudan nan da na ambata. A yi mani afuwar kiran suna: mahaifina ne, Baba Nata'ala mai algaita, wanda da wuya a sami gidan biki a ƙasar Faskari da bai taɓa busawa ba. Ga shi can a layi na biyu.

Baba bai taɓa jin busata da wannan ƙarfe ba. Da na roƙe shi ya zo, cewa ya yi: "Ni tahi in ji, amma sau guda. In na zamna har ka ƙare, ka ci gaba da abinka. In ko ka ga na tashi, ka maida ma mai shi ƙarhenshi." Na amsa, kuma alkawari kaya ne. Saboda haka, jama'a, ku kun zo kallo, ni na zo shari'a.

Bari in shiga magana, don na ga shugaba ya fara duban agogo.

Abu na farko da na koya shi ne, ba a ƙirƙira a kan abin da ba a sani ba. Masu kiɗan jaz na duniya, wato irin kiɗan da nake koyo da wannan ƙarfe, suna da wasu tsofaffin waƙoƙi da kowannensu ya haddace, yadda kowane mabusi a ƙasarmu ya haddace taken manoma. Da ɗaya daga cikinsu Malam ya fara mani, waƙar wani da ya rabu da masoyiyarsa yana begenta. Ni kuwa na je Sabuwa da zumuɗi, yatsuna na ƙaiƙayi. Sai Malam ya rufe akwatin saksofon ya zauna a kai, ya ce in rera da baki. Na rera a kan babur, na rera a gona, na rera a bakin rijiya, har matan gidanmu suka fara tambayar ko an yi mani wani abu ne. Lokutan da hanya ta ƙi biyuwa, kun dai san irin shekarun da muka gani, sai in rera a waya in tura mashi, ya maido da kalma guda: "Sake." Sai da waƙar ta zauna mani kamar sunana, sannan ya tashi daga kan akwatin.

Abu na biyu, waƙar tana da hanya a ƙarƙashinta, kuma hanyar tana da zango-zango. Ku saurari hannun hagun Hamida in mun fara. Shi ke faɗin inda aka iso. A kowane zango akwai sautukan da suke 'yan gida, akwai waɗanda suke baƙi. An yarda ka ratsa ta wurin baƙi, an yarda ka yi yawo, an yarda ma ka yi tsokana, amma in za ka sauka, sai a gidan ɗan gari. Ana bin kashin farko, a maimaita shi, sai a hau wani wuri da suke kira gada, inda hanya ke kauce wa gida, sannan a dawo. Daga nan a sake zagayowa, kowa ya faɗi tasa a kan hanyar nan guda. A gadar nan na sha faɗawa ruwa. Hamida tana tsakiyar gada, ni na riga na isa gida na cire takalmi. Sai ta ɗago kai ta ce, "Yaya Abdulgafar, ka bar mu a daji fa." Na ji haushi, amma gaskiyarta ce.

Abu na uku shi ne ya kawo ni gabanku, kuma shi ne ya hana ni barci.

A gidanmu, numfashi ba ya yankewa. Kafin a ba ɗa algaita, sai a ajiye mashi ƙwaryar ruwa da bututun kara, ya riƙa hurawa. Zai kumbura kumatu, ya shaƙi iska ta hanci alhali bakinsa bai daina hurawa ba, kuma kumfar ruwan nan kada ta tsaya. In ta tsaya, ranƙwashi. Na sha ranƙwashi har tsakiyar kaina ya san hannun Baba ko a cikin duhu. Amma na iya, kuma ina alfahari da na iya. Mai algaitar gidanmu zai rako ango tun daga ƙofar gari har ƙofar gida, sauti guda, babu tsaga, babu gurbi. Wanda busarsa ta yanke a gaban jama'a kuwa, an daina lissafa shi cikin mabusa.

To, ranar da Malam ya ce mani, "Yau kai za ka faɗi taka," sai na ce a raina, yau za su san ɗan gidan wa suka samu. Na kumbura kumatu na kama. Na zagaye waƙar, na sake zagayowa, ban ɗaga ba. Na rufe ido ina jin daɗin kaina, ina cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da na buɗe ido, sai na ga Hamida ta naɗe hannuwa a ƙirji, Jabiru ya ajiye sanduna yana ɓare gyaɗa. Ashe sun daɗe da tsayawa, ni kaɗai nake ta gudu.

Malam ya bari na sauke, sannan ya ce, "Ɗan gidan busa, ka ƙare? Ai mu ma mun zo da magana."

Na ce, "Malam, ban yanke ba ko sau guda."

Ya ce, "Shi ne ciwon. In ka ishe dattijo ka ce mashi ina kwana, wucewa kake zuwa ina gajiya, ina aiki, ina iyali, ba ka jira ya ce lahiya ba? Wannan gaisuwa ce ko hwashi?"

Daga ranar ya kafa mani doka. In na busa jimla guda, sai in cire ƙarfen daga baki gaba ɗaya, in saurari abin da fiyano da ganga za su amsa. Jama'a, ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Noma bai kai shi ba, haddar waƙa ba ta kai shi ba. Duk sanda na yi shiru, sai in ji tsakiyar kaina yana jiran ranƙwashi. Amma a cikin shirun nan na fara jin Hamida, na fara jin Jabiru, na fara jin inda hanya ta nufa. A cikinsa na daina faɗawa ruwa a gada, domin wanda ya tsaya ya saurara ya san inda 'yan tafiyarsa suke.

Yanzu zan faɗi abin da ban yi shawara da kowa ba a kansa sai mahaifiyata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma mutanen Mabai da ke nan sun riga sun sani. Bara waccan, a wani biki a garinsu, tari ya sarƙe Baba yana tsakiyar taken ango, busa ta yanke. Babu wanda ya yi dariya. Amma Baba ya dawo gida ya rataye algaitarsa a bayan ƙyaure, bai sake taɓa ta ba har yau. Ƙirji ya tsufa, dogon numfashi ya tafi. Sai dai yatsun suna nan. Ina ganinsu suna motsi a kan gwiwarsa in yana zaune shi kaɗai. Taken gidaje da na ƙauyuka da ke cikin kansa, har da na garuruwan da mutanensu suka watse, babu mai su sai shi. Abin yana cina, jama'a, yana cina ƙwarai.

Baba, ka gafarce ni da na yi maganarka a bainar jama'a. Na je neman kiɗan wasu mutane, sai na tarar a wurinsu mabusi yana busa kaɗan ya huta, ya busa kaɗan ya huta, kuma tsofaffinsu masu gajeren numfashi su aka fi yi wa shiru a saurara. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ka ɗauka ƙarshen busarka ne, a wannan kiɗa nan ake farawa.

Ku kuma iyaye da dattawa, roƙona gare ku shi ne, in ɗanku ya ɗauko abin da ba ku saba gani ba, ku ba shi zama guda kamar yadda aka ba ni. Ku matasa, in an ba ku zaman, kada ku cika shi da surutunku ku kaɗai.

Allah Ya saka wa waɗanda suka shirya taron nan da alheri. Allah Ya zaunar da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa lafiya, Ya buɗe mamu hanyoyinmu, Ya maida kowa gonarsa da garinsu. Allah Ya sa albarka a abin da muka girbe, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, Ya kai kowa gida lafiya. Amin.

Saura magana guda, Baba. In mun hau gada za ka ji na yi shiru. Kada ka ce numfashin gidanmu ya yanke. Gurbi na bari, kuma naka ne. Algaitarka ba ta bayan ƙyaure. Inna ta ba ni ita da asuba, tana cikin buhun da ke ƙarƙashin kujerar Malam Mas'ud, ga shi nan ya ɗago ta. Jimla guda ta isa, in ka gaji ni zan karɓa. In ka tashi ka yi waje, na ji na yarda, gobe ƙarfe ya koma Sabuwa. In kuwa ka tashi ka yo nan, Hamida za ta riƙe mamu gadar har ka iso.

Na gode.