Haƙoran Kitengela

Jarka biyu na ruwan famfon Nairobi, ledar kabeji, da 'yarta a cinya. Kayan Kerubo ke nan a motar Kitengela.

"Baiwar Allah, jarkarki ta danne min ƙafa," in ji tsohon gefenta. "Babu ruwa ne a garinmu?"

"Ruwan burtsatsenku? Baba, dubi bakin 'yata! Shekara huɗu muna haya a garinku, sababbin haƙoranta sun fito kamar tsatsa."

"Ku 'yan birni kun cika raki! Gidajen haya shida gare ni, wa ya mutu? Ni ma shi nake sha."

Ya ƙyalƙyale da dariya. Haƙoransa duk sun dafe.

Da motar ta tsaya a Kitengela, Kerubo ta sauke kayanta, ta bugo ƙofar da ƙarfi.

"Na gode da ka nuna min, Baba. Ƙarshen wata za mu tashi daga garin nan."