Sun Goge Numfashin Mawaƙin

Salamu alaikum Malama, sannu da aiki. Baba Ilu ne daga Lanham. Ban yi boko ba, amma kunnena ƙalau yake.

Ina da faifan garmaho na kiɗan Turawa da ake kira rok tun ina saurayi a Jos. Kafin amshi mawaƙin yakan ja numfashi, a nan marigayiya matata take shiga waƙar. Ɗana ya sayo mini wanda aka gyara sautinsa, ya ce, "Baba, wannan tas yake, a yar da tsohon." Gaskiya ganga ta fito, jita ma haka, amma sun goge numfashin. Na saurara har ƙarshe, uwarsa ba ta samu wurin shiga ba.

Yaron alheri ya nufa, ba na son kashe masa gwiwa. Tsohon kuwa ba zan yar ba. Masu sauraro, yaya zan gaya masa?