Katin Mang Isidro a Gwanjon Intanet

Taƙaitaccen bayani: a tashar motar garin Marikina, darajar kati mai hoton ɗan ƙwallon kwando da Mang Isidro ya adana shekara talatin ta faɗi. Yana kan hanyar zuwa sayar da shi, sai wata matafiya ta duba masa gwanjon intanet a wayarta.

"Baba, irinsa ɗaruruwa ne a nan, kowa na neman mai saye."

"Haba 'yata! Duk unguwarmu ni kaɗai ke da shi. Da kuɗinsa zan sa a yi wa matata Remedios aikin ido."

"Masu sayen ai ba 'yan unguwarku ba ne."

"To nawa na sa an manne shi cikin roba, ambaliya ba ta taɓa shi ba."

"Wayyo Baba! Wanda aka manne ko tayawa ba a yi."

Jimillar asara: kuɗin mota, kuɗin roba, da idon Remedios na hagu.