An Ɗage Ne Kawai

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu mai cetonmu. Sunana Rifkatu. Ina buga tafireta a wani ofis, ina zaune a Gada Biyu wurin goggona, wadda kuka sani da Mama Saratu mai gwate. Waɗansunku a gabanku aka yi rabin labarin nan. Ku yi haƙuri in ya yi ɗaci, ban iya zuba masa suga ba.

Tun ina makaranta ni mai karanta ƙananan littattafan soyayyar nan ce da ake shimfiɗawa a bakin tasha. A cikinsu kowace yarinya mai haƙuri takan samu nata a shafin ƙarshe. Ranar da Yakubu, malamin firamare mai bi da waƙa cikin mawaƙanmu, ya tsayar da kekensa ya ce yana so na, sai na ɗauka ni ce yarinyar. Nakan buga masa wasiƙa in oga ya fita, in kira shi tauraron asubata. Shi kuwa ya yi ta dariya yana cewa wata rana tafiretar nan za ta kai ƙarata.

Iyaye suka daidaita. Dangin Yakubu suka kai farin yadi wurin Malam Isa tela a Kwararafa, ya auna ni. Kun san ƙa'idarmu, sai an kira aure a majami'a Lahadi uku a jere, ana tambaya ko akwai mai dalilin hanawa, kafin a ɗaura. Baba Dauda, magatakardan ikkilisiya, ya yi kira na farko. Ya yi na biyu. Ran Laraba na yi tari a ofis, na ga jini a hankici.

Likita ya ce tarin fuka ne.

Lahadi ta uku na zo duk da haka, na zauna a bencin baya. Baba Dauda ya karanta sanarwar sharar majami'a, ya karanta ta zumuntar mata, ya ninke takarda ya zauna. Da aka tashi na tare shi a ƙofa. Ya ja da baya taki biyu, ya ce, "'Yata, an ɗage ne kawai."

Ban taɓa ganin kalmar da ta ci ran mutum kamar wannan ba. Abin da aka ɗage yana nan, ranarsa ce ba ta zo ba. Ba wanda ya ce an fasa. Pasto bai ce ba, Yakubu bai ce ba. Na rungumi kalmar na kwanta da ita.

Allura kowace safiya har wata biyu, sannan ƙwayoyi cike da tafin hannu. Allurar ta kashe mini kunnen hagu. Babana kuwa a lokacin kamfanin kuza na Bukuru ya sallame shi daga aiki, da kansa yake fama. Yakubu ya zo sau biyu, ya tsaya a taga, ya ce in na warke za a yi magana. Daga nan sai gaisuwa a bakin mutane. Matan zumunta sukan ajiye abinci a bakin ƙofa, in na ce ga kwanonku na jiya, sai su ce in riƙe, Sista, ba sa bukata. Kwano tara na tara haka. Suna nan har yau.

Goggo ce kaɗai take shigowa ta zauna a bakin gadona. Takan dungure mini kai ta ce in sha gwate, amarya ba ta shiga riga da ƙasusuwa. Ni kuma ina kwance ina shirya bikin a zuci: furannin da zan riƙe, waƙar shiga, yadda rana za ta faɗa kan duwatsu muna fitowa.

Bayan wata goma sha ɗaya likita ya ɗaga hoton ƙirjina ya ce huhu ya washe. Ban biya gida ba, na zarce Kwararafa don a sake auna ni, saboda na rame. Malam Isa ya tsayar da keken ɗinki, ya ba ni kujera. Ya ce tun da damina yayar Yakubu ta zo da wata yarinya a auna ta a kan yadin nan. Ya ƙi, suka ɗauke shi suka kai wani wuri.

"Rifkatu, ni ba ɗan cocinku ba ne," in ji shi, "amma a Hausar da na sani, wannan sunansa an fasa."

Lahadin da ta biyo Baba Dauda ya kira auren Yakubu da yarinyar, kira na farko. A hanyar gida Goggo tana huci ta ce nawa kiran ba a soke shi ba, in na miƙe dole a tsayar da nasu sai dattawa sun zauna, ita ma za ta miƙe tare da ni. Na ƙudura sai a kira na uku zan tashi, wanda aka hana ni.

Mako biyu ban yi addu'a ba. Na ce Allah ma ɗage ni ya yi.

Ran Asabar da la'asar na hau dutsen bayan gidanmu don in bita abin da zan faɗa ba mai ji. Sai da na kai ƙololuwa na tuna ban tsaya hutawa ba ko sau ɗaya. Ni da ake riƙewa zuwa bakin titi! Na durƙusa, ba da ladabi ba. Na ce, Ubangiji, kowa ya ja da baya, kai ina kake? Ba murya na ji ba. Safiyoyin nan ne suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya, da ƙafar da ta kai ni wurin allura, da hannun Goggo a goshina, da telan da ya gaya mini gaskiya. Bai ɗage mini ko safiya ɗaya ba. Na yi kuka sosai. Na roƙe shi cikin sunan Yesu ya raba ni da mutumin nan a zuci, don ba na son mijin da ƙa'ida za ta ɗaure mini.

Washegari Baba Dauda ya yi kira na uku, ya tambaya ko akwai mai dalilin hanawa. Na miƙe. Yakubu ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Ba ni da dalilin hanawa. Amma Baba, an kira sunana sau biyu a nan. Ku gaya wa ikkilisiya abin da ya samu kiran."

Ya dubi Pasto. Ya cire tabarau ya mayar. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "An fasa."

Na ce, "Kunnena ɗaya ne, Baba."

Ya maimaita yadda bencin baya ma ya ji. Na zauna. Aka ɗaura aurensu ran Asabar.

Ba zan tsaya a gaban Allah in yi muku ƙarya ba. Har yau ba wanda ya zo ya ce in yi haƙuri. Ban yi aure ba. In mawaƙa suka tashi, wani lokaci nakan kasa bi. Gafarar da nake roƙo in iya yi, kaɗan-kaɗan take zuwa.

Amma ga ni tsaye, ina magana ban yi tari ba. Na gode wa Ubangiji da ya warkar da ni, na gode masa da ya riƙe bakina ranar da na yi niyyar rushe aurensu. In kuna da marar lafiya, ku shiga ku zauna, ku gaya masa gaskiya ko da mai zafi ce. In kuwa kai ne a kwance, an bar ka da gaisuwa ta taga, ka riƙe Yesu. Shi yana shigowa har ciki. Amin.