Motar Dubiya Ta Dawo da Ƙarnin Kifi

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, Allah shi ƙara basira. Ni malamin firamare ne a Wurno, ga abin da ya same ni.

Wani tsohon ɗalibina, wanda ni na koya masa riƙon alƙalami, yanzu magidanci ne, ya zo mini hankali tashe. Ya ce, "Malam, Inna ba lahiya, a ara min mota in kai ta asibiti Sakkwato." Ban tsaya tambaya ba na miƙa masa makulli.

Washegari ya maido motar a wanke tas, tana ƙamshin turaren wuta, har na sa masa albarka. Kwana uku tsakani, turare ya gushe, warin danshi da ƙarni suka taso. Da na ɗaga kafet sai ga ruwa kwance, ga hunhuna, ga ɓawon kifi cike da ramin ajiye safayar taya. Da na bincika, ashe jigilar kifi ya yi ta yi daga dam ɗin Goronyo.

Duk da haka na tafi dubiya. Na tarar da tsohuwa tana sheƙar gero. Ta ce, "Malam, mi ya hwaru? Ni ko ciwon kai ban yi ba." Kunya ta sa na ce hanya ce ta biyo da ni.

Na shanya kujeru a rana, na zuba gawayi, warin bai fita ba. Masu sauraro, da mi zan kore shi? Sannan, in gaya wa baiwar Allahn nan ɗanta ya kwantar da ita asibiti da bakinsa, ko in yi shiru?

Ina gaida malaman Rabah da Achida. Wassalam.